Shekarar da Gara Ta Hau Ɗakin Kaka Laraba

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Asabar, ina zaune a tsakiyar ɗakin Kaka Laraba ina zana bakin ƙofa a littafina, sai ɗan garin ƙasa ya zubo a kan takardar. Na hure shi na ci gaba. Wani ya sake zubowa. Na ɗaga kai na haska fitilar waya, sai na ga wani siririn layin ƙasa ya taso daga gindin bango, ya yi sama, ya shige cikin itatuwan jinka. Na sa farce na kankare shi. Gara ce, fara fat, tana ta kai da kawo. Na san lokacin daidai domin na rubuta shi a gefen zanen. Wata huɗu ke nan da gama gyaran ɗakin, kuma shi ne aiki na farko da aka danƙa min a hannuna ni kaɗai.

Na fara da wannan ne saboda ku 'yan ajin farko da kuka biyo ni Tsohon Gari makon jiya. Kun ɗauki hotuna, kun ji daɗi, sannan a mota wata daga cikinku ta ce, "Anti Rahila, ai wannan taɓo ne kawai ake ɗorawa, kowa ma zai iya." Ban ba ta amsa ba, domin ni ba gwanar magana ba ce a cikin mutane. A rubuce na fi iyawa, shi ya sa na zauna na rubuta muku.

A Gudu na tashi, inda mahaifiyata ke sayar da kayan miya a kasuwa. Zanen gine-gine nake karantawa kamar ku, har yanzu ban gama ba, ina kan digiri na biyu. Amma rani tara ke nan ina aikin ginin ƙasa a tsofaffin garuruwan da ke kewaye da Abuja, kuma wanda ya koya min shi ne Baba Tanko, wani tsohon magini Bagwari da bai taɓa riƙe fensir ba.

A Karshi na fara ganinsa. An ba mu aiki a makaranta mu auno wani tsohon gini, na je na tarar yana gyaran katangar wani gida. Kwana uku ina zuwa in tsaya a gindin bishiya da littafina, na kasa ko gaishe shi. A rana ta uku ya juyo ya ce, "Kai yarinya, in ba za ka yi magana ba, cire takalmi ka shiga." Shi Baba kowa "kai" ne a wurinsa, mace ko namiji. Ya nuna min ramin kwaɓi. Na cire takalmi na shiga, kuma hutun nan gaba ɗaya ban yi komai ba sai taka ƙasa.

Kada ku raina takun ƙasa. A nan ginin yake tsayawa ko ya faɗi. Ana haƙo jar ƙasa, a tsince duwatsu, a zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa, a taka har ta kama jikinta. Sannan a rufe ta a bar ta kwana uku ta ruɓa, a dawo a sake takawa. Ranar da ta nuna za ku ji wani wari mai ɗan tsami, kuma in kun zaro ƙafa za ta yi ƙara kamar ba ta son sakinku. Baba yakan gutsuri kaɗan ya sa tsakanin haƙoransa. In ya ji yashi ya yi yawa, ya tofar ya ce a ƙaro ƙasar fadama. In ta yi santsi da yawa, ya ce za ta tsage, a ƙaro yashi. Na tambaye shi kwando nawa na wannan ake haɗawa da kwando nawa na wancan. Ya ce, "Taka." Duk tambayar da ta fara da "me ya sa" ko "nawa", amsarta ɗaya ce a wurinsa: ya nuna miki aiki.

Kayan aikinsa duka suna shiga buhu ɗaya: fartanya, ƙaramin gatari, igiya, wata tsohuwar wuƙa ta gyaran gefen bango, da madaɓi, wato katakon nan mai faɗi da ake bugun ƙasan ɗaki da shi. Sauran duka hannu ne. Ni kuwa na zo da tef ɗin awo, da lebur na duba daidaiton bango, da igiya mai dalma a baki. Ya ɗauki lebur ɗin ya kalli ƙwayar ruwan da ke yawo a ciki, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wannan abu shi ne zai gaya min bango ya karkace? Ina idona?"

Wani ɗaki da ya gina a Kwali ne ya sa na daina jin haushin wannan dariyar. Ɗaki ne mai kewaye. Ya kafa turke a tsakiya, ya ja igiya ya zana da'ira sau ɗaya, ya cire turken ya jefar. Daga nan sai ido. Mutanen nan ba sa yin tubali irin na Kano. Curi-curi suke ɗora ɗanyar ƙasa, su murje da tafin hannu, su yi layi ɗaya su bar shi ya sha iska, washegari su ɗora wani. Da ya kai sama, na jira ya tafi cin abinci, na hau na auna faɗin ɗakin ta kusurwa takwas. Bambancin da na samu bai kai yatsa biyu ba. Na sake aunawa, na sake. Wallahi ranar sai da na yi tsalle ni kaɗai a cikin ɗakin da ba shi da rufi! Kuma bangon ba a miƙe yake ba, da gangan ya sa shi ya ɗan rusuna ciki, kauri a ƙasa, siranta a sama, don ya riƙe kansa. Abin da muke kwana muna lissafawa a takarda, shi a tafin hannunsa yake.

Tun daga nan na kamu. Duk hutu sai in hau mota daga Gudu in bi shi. Ku da kuka saba da titunan cikin gari masu kama da an ja su da rula, ku je ku yi tafiya a hankali a tsohuwar unguwa. Lungu ba ya lanƙwasawa haka kawai. Ko dutse ya kauce wa, ko hanyar ruwa ya bari, ko akwai kabarin wani a wurin. Rumbuna suna zaune a kan duwatsu don kada damshi ya taɓa hatsi. Ƙofofi gajeru ne, dole ki sunkuya, zafi kuma ya tsaya a waje. A wasu garuruwan har yanzu za ki ga guntun ganuwa a bayan gonaki, akuya na kwance a kai. A Abaji na ga zauren da azararsa ta girmi kowa a unguwar, ba ta ko lanƙwasa ba. Kuma kowane gari da launin ƙasarsa. Yau in aka kawo min curi a leda, sau da yawa ina iya faɗin daga ina aka haƙo shi.

Masu ba mu aiki kuwa, sai wanda ya gani. Akwai tsofaffin da suke tsayawa a kanmu daga safe har yamma suna cewa ba haka ubansu yake yi ba. Waɗannan na fi so, domin a bakinsu nake tsintar abin da Baba ba ya faɗa. Akwai kuma wani mai wurin shaƙatawa a bakin tafkin Jabi da ya kira mu ya ce yana son bukkoki irin na gargajiya. Baba ya yi murna, ya fara tambayar inda za a samo ƙasa. Mutumin ya ce, "A'a Baba, da bulo za a yi, a shafa siminti, sai a yi fenti kalar ƙasa. Ku dai ku ɗan karkata shi ya yi kama da na ƙauye." Baba ya saɓa buhunsa ya ce, "Oga, ni shekara hamsin ina koyon kada ya karkace." Muka hau mota muka dawo.

Yanzu bari in koma kan ɗakin Kaka Laraba. Yana Tsohon Gari, can bayan Kuje, shi ne wanda kuka fi ɗauka a hoto. Uban mijinta ne ya gina shi, a cikinsa ta haifi 'ya'yanta duka. A ranin da nake ba ku labari, bangon ya zaizaye ta gabas, ciyawar rufin ta ruɓe. Ɗanta Bulus, mai motocin haya a tashar Nyanya, ya riga ya gina ɗakunan bulo a rabin gidan, kuma yana son ya rushe wannan ya ƙara uku, domin ma'aikata daga cikin gari sun fara neman haya har can. Kaka ta ce sai dai a rushe da ita a ciki. Aka kai magana gaban mai unguwa, aka yanke cewa a gyara ɗakin. In ya wuce damina ɗaya bai yi yoyo ba, bai zube ba, Bulus zai ƙyale shi. In ya gaza, Kaka ba za ta ƙara cewa komai ba. Bulus ya amince, amma washegari ya sa aka juye tifa ɗaya ta yashi a ƙofar gida.

"Madam injiniya, kada ki ga laifina," ya ce min yana dariya. "Ni ba na faɗa da tarihi. Yashin nan jira kawai yake yi."

Mun yi wa ɗakin aiki mai kyau, wannan ko yau zan faɗa. Baba ya cike bangon gabas, muka canza itatuwa huɗu a jinka, muka bar sauran tsofaffin domin lafiyarsu ƙalau, aka baibaye da sabuwar ciyawa. Saura shafe da daɓe, sai aka kira Baba wani babban aiki a Abaji. Ya dube ni ya ce, "Ƙarasa." Rani shida ina binsa kafin in ji wannan kalma.

Na ƙarasa kuwa, da duk iyawata. Na jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, har ruwan ya yi ja kamar shayi, muka shafe bangon ciki da waje. Na samu mata biyu a unguwar, muka yi kwana huɗu muna bugun daɓe suna waƙa da yarensu, har ƙasan ɗakin ya riƙa ɗaukar ido. Da na ɗaga kai, sai na ga abu ɗaya ya ɓata min aikin: tsofaffin itatuwan jinka baƙi ƙirin suke da kunkunniya, baƙin hayaƙin shekara da shekaru, sababbin huɗun kuma farare. Na ce a kawo tsani a kankare.

Babbar cikin matan ta tsaya da wuƙa a hannu ta ce, "Duka, Malama?"

Na ce, "Duka. Ina so a ga itacen."

Suka kalli juna, suka hau suka kankare. Ba su yi musu ba, tunda ni ce mai littafi. Na sa aka fitar da duwatsun murhun Kaka uku aka jera a waje, don kada toka ta ɓata sabon daɓe. Daidai lokacin Bulus ya zo zai tafi da mahaifiyarsa Nyanya a duba mata gwiwa. Ya tambaye ni yaushe za ta koma ɗakin. Na ce ya fi kyau ta zauna can har damina ta wuce, ɗakin ya huta, kada a taɓa komai. Ya ji daɗin wannan magana ƙwarai, domin dama yana cewa hayaƙi na cinye mata ido, ga shi ya saya mata gas ta ƙi amfani da shi. Na sayo sabon kwaɗo na kulle ƙofar, na sa makullin a jakata. Duk Asabar nakan zo in buɗe, in duba, in rubuta, in kulle.

Wata huɗu ruwa na zuba, ko ɗigo bai shiga ba. Sai ga wannan Asabar ɗin da na faɗa muku, da garin ƙasa a kan takardata.

Abin da ya biyo baya shi nake kira muguwar shekarata. Na kankare hanyoyin garar duka. Asabar ta gaba na tarar da bakwai a inda na bar ɗaya. Na sayo maganin feshi a kasuwar Gudu, mai shagon ya rantse min ko kunama ba ta tsallake shi. Na fesa, gara ta yi kwana goma ta dawo ta wani gefen. Na zaga bayan gidan na samu suri, na sa aka haƙe shi har gindi. Ba ta fasa ba. Ciyawar rufin ta ciki ta fara yin wani baƙin danshi mai wari. Na danna ɗan yatsa a jikin ɗaya daga cikin tsofaffin itatuwan, waɗanda suka girme ni nesa ba kusa ba, sai yatsan ya shige kamar cikin burodi. Na canza shi. Na canza na kusa da shi. A tsakiyar damina, ana tsoron buɗe rufi, ni ina kan tsani ina tokare jinka da gora.

Na koma kan littattafai. Na karanta duk abin da na samu a kan gara, na cika shafi goma sha biyu. Na tambayi wani malaminmu, ya ce a zuba siminti a gindin bangon a huta. Na san wannan ba daidai ba ne, domin siminti kan riƙe damshi a cikin ƙasa ya ruɓar da bango daga ciki, amma na yi godiya na fito.

Wata Asabar Bulus ya same ni a kan tsani. Ya leƙo ya ga gorar da na tokare rufin da ita, ya ce, "Ah ah, Madam injiniya! Ɗakin ya fara dogara sanda? To ai ya kamo Mama." Ya zauna a kan yashinsa ya kira mai buga bulo a gabana, ya ce masa ya shirya ƙarshen wata. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Ba mugunta ba ce fa. In wannan abu ya faɗo wa tsohuwa a ka, wa za a zaga? Ni."

Gaskiya ya faɗa. Washegari na nufi ƙauyen Baba Tanko. Ya dawo daga Abaji da targaɗe a ƙafa, yana zaune a inuwa yana murza igiya. Na buɗe littafi na karanta masa komai daki-daki: ranar da na fara gani, maganin da na fesa, itatuwan da na canza. Na ce, "Baba, ƙasar ce ba ta nuna ba? Ko makubar ce? Me na yi ba daidai ba?"

Ya ci gaba da murza igiyarsa. Can ya ce, "Ginin ba laifi."

"To me ya kawo gara?"

"Ni magini ne. Ina ginawa in tafi. Ban taɓa kwana a ɗakin nan ba. Ka tambayi littafi, ka tambayi mai shago, ka tambayi malam, ka tambaye ni. Mai ɗaki fa?"

Sai da na yi kusan mako guda kafin in je wurin Kaka Laraba. Ni ce na ce a bar ta a Nyanya, kuma tun da aka fara aikin ban taɓa yi mata magana da ta wuce gaisuwa ba. Amma ƙarshen wata ya matso, don haka ranar Juma'a na shiga motar Nyanya. Cunkoso ya riƙe mu kusan awa biyu. Na samu gidan Bulus a wani bene bayan tasha. Kaka Laraba na zaune a kan kujerar roba a baranda, tana kallon motoci ta tsakanin ƙarafa, talabijin na ta surutu a bayanta babu mai saurare.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Kai ne yarinyar Tanko. Ɗakina yana lafiya?"

Na ce, "Kaka, gara ta hau shi."

Ta juyo gaba ɗaya. "Gara? A ɗakina? Tun da aka kawo ni gidan nan ina amarya gara bai taɓa hawa ba. Wa yake kwana ciki?"

"Babu kowa. Na kulle."

"Wa yake dafa tuwo?"

"Babu, Kaka. Na fitar da murhun don kada ya ɓata daɓen."

Ta zuba min ido. Na ga gwamma in faɗi sauran, na ce, "Kuma na sa an kankare baƙin saman."

Ta dafe ƙirji ta faɗi wata kalma da yarensu, ta ƙwala wa Bulus kira. Ya fito daga ɗaki da cokali a hannu. Ta ce, "Kawo mota." Ya ce gwiwa fa, ga likita ya ce ta huta, ga hadari ya haɗo. Ta riga ta miƙe tana ɗaure zani. Ta ce, "Wannan yarinya ya tuɓe wa ɗakina riga, ya hana shi abinci, ya kulle shi wata biyar. Ko kai aka yi wa haka, gara zai ci ka."

Muka isa Tsohon Gari da la'asar. Ta karɓi makullin a hannuna, ta buɗe, ta miƙa wa Bulus kwaɗon ta ce ya kai Nyanya ya kulle talabijin ɗinsa. Ta shiga ta shinshina, ta girgiza kai. Da kanta ta mirgino duwatsun murhun ta mayar da su daidai inda suke a da, a kan daɓen da na yi kwana huɗu ina bugawa. Ta fita ta dawo da itace a kafaɗa, yadda matan Gwari ke ɗaukar kaya, ta ƙara da ɗanyen ganye. Ta hura wuta. Hayaƙi ya tashi fari, ya cika jinkar, ya riƙa tsatsowa ta cikin ciyawa har waje, kamar dukan rufin ne ke numfashi. Maƙwabta suka fito suna yi mata sannu da zuwa. Matar nan da ta tambaye ni ko duka za a kankare ta tsaya kusa da ni tana murmushi.

Na nemi izini a makaranta na zauna mako biyu ina kallo, kuma abin da na gani ya fi shafi goma sha biyun nan nawa. Da safe Kaka kan hura wuta ta ɗora koko. Kafin ya tafasa ta ɗauki tsintsiya ta bi gindin bango, duk inda gara ta fara hanya ta share, ba ta ma tsayawa ta duba. Ta kwashi toka ta watsa a kewaye. Da rana ƙofa a buɗe, iska na shiga. Da yamma wata wutar ta tuwo. Hayaƙin ya busar da ciyawar daga ciki, warin danshi ya tafi, itatuwan suka fara yin launin zuma, daga nan suka soma duhu. Kunkunniyar da na sa aka kankare ita ce ta hana ƙwaro taɓa itacen tun kafin a haifi Bulus. A rana ta tara na duba bango ban ga layi ko ɗaya ba. Na zaga sau uku da fitila. Babu! Na ruga da gudu na gaya wa Kaka, ta ce in miƙo mata muciya.

Abu ɗaya na ƙara da kaina, saboda maganar Bulus a kan idonta ba ƙarya ba ce. Na ɗan buɗe tazara tsakanin bango da rufi ta gefen murhu, yadda hayaƙin zai bi ta sama ya fita ba tare da ya tsaya a fuskarta ba. Da Baba ya warke ya zo ya gani, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To." A wurinsa wannan yabo ne babba.

Damina ta wuce, ɗakin yana nan tsaye. Mai unguwa ya zo da dattawa biyu, Bulus ya shiga da makullin motarsa yana tsokanar itatuwan ɗaya bayan ɗaya, yana tari. Bai samu mai taushi ba. Ya fito yana share hawayen hayaƙi ya ce, "Shi ke nan, Mama ta ci. Yashin nan a kai baya a yi banɗaki." Dattawa suka yi dariya, Kaka ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Da kowa ya watse, na zauna a bakin ƙofa na buɗe littafi. Ina so in rubuta wa makaranta rahoto, yadda duk wanda zai gyara irin wannan ɗaki a bayana ba zai maimaita kuskurena ba. Na ja layi na raba shafin gida-gida. Na ce, "Kaka, don Allah ki gaya min daidai. Sau nawa ya kamata a riƙa hura wa ɗaki wuta a mako? Kuma awa nawa kowace rana? Zan rubuta ne."

Ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Na ɗauka ba ta ji ba, na sake tambaya. Ta ajiye muciya ta share hannu a zani, ta leƙa shafin nawa mai layuka, ta dube ni.

"Ni ban taɓa hura wa ɗaki wuta ba, yarinya," ta ce. "Yunwa nake ji in dafa. Rubuta a nemo mai jin yunwa a sa shi ciki."